Wa ake yi wa jadawalin shirye-shirye a gidajen rediyon ƙasashen waje?

Mai_Gajeren_Zango

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sauraro. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna, kuma ina son jin ra'ayin waɗanda suka fi ni sanin yadda ake aikin rediyo. Fiye da shekara 30 ke nan ina sauraron gidajen rediyon ƙasashen waje, da Hausa da Ingilishi, kuma abin da na lura da shi shi ne labarai sun cinye kusan dukkan lokacin da suke da shi. Labarin da aka karanta da asuba shi za a maimaita da hantsi, a ƙara masa hira da rana, a kira masu sharhi a kansa da dare, alhali shirye-shiryen da ke koyar da mutum wani abu game da kimiyya, tarihi, adabi ko noma sai raguwa suke yi, wanda ya tsira kuma a tura shi ƙarshen mako, a lokacin da ba kowa ke kusa da rediyo ba.

Ba zato nake yi ba. A watan Janairun 2023 BBC ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85 yana aiki, a watan Maris na 2025 kuma ta dakatar da shirin hira na HARDtalk wanda aka fara tun 1997. Gidan da ke cewa don hidimar jama'a aka kafa shi, ba don riba ba, me ya kamata ya sa a gaba idan lokaci ya yi kaɗan kuma kuɗi suka gaza? Shin wanda yake tsara jadawalin nan yana tunanin mai sauraron da ba shi da komai sai akwatin rediyo, ko kuwa yana tunanin wanda ya riga ya ga labarin a wayarsa?

Hajiya_Kunne

Wa alaikumus salam. Malam, ka faɗi abin da ke raina. Ni ban ƙi labarai ba, amma abin da ya zauna mini a ƙwaƙwalwa daga sauraron shekaru masu yawa ba kanun labarai ba ne, amsar da aka ba wani mai tambaya ce a Amsoshin Takardunku, ko bayanin da likita ya yi a Haifi Ki Yaye. Kanun labaran jiya ma da ƙyar nake iya tuna su yau.

Tsohon_Furodusa

Ranka ya daɗe Mai_Gajeren_Zango, na yi aiki na wasu shekaru a ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, kuma zan so in bayyana yadda abin yake daga ciki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abu na farko shi ne a raba sashen Ingilishi da sassan harsuna. Sashen Ingilishi na BBC yana watsa shirye-shirye dare da rana ba tsayawa, saboda haka yana da sararin sa labarai na minti biyar a kan kowace sa'a, da taƙaitattu na minti biyu a rabin sa'a, ya kuma cike tsakani da shirye-shirye irin su Outlook, wanda yake nan tun 1966. Maimaicin da ake kuka da shi a can yana da dalili: lokacin da mai sauraro a Afirka ta Yamma yake barci, na Indiya ya tashi, na Amurka kuma bai kwanta ba, kuma kowannensu yana da haƙƙin ya ji cikakken labari a lokacin da ya kunna. Babu wanda ake tsammanin zai zauna sa'a 24 yana sauraro.

Sashen harshe kuwa wani abu ne daban. Idan aka ba ka rabin sa'a, to a zahiri minti 29 ne ko ƙasa da haka, domin dole ka sauka kafin na'urar watsawa ta koma wa wani harshen. A cikinsu za ka cire taken buɗewa da kanun labarai, ka cire labaran duniya, ka cire wasanni, abin da ya rage shi ne za ka raba wa rahotannin wakilai uku ko huɗu. A taron editoci na safe kowane wakili yana da labarin da yake ganin ya fi na kowa, kuma a ranar da aka yi juyin mulki ko aka kai hari, babu editan da zai ajiye wannan ya sa shirin adabi, domin idan ya yi haka masu sauraron da ke yabon adabin su ne za su fara murɗa rediyo zuwa wata tashar. Na sha ganin shirin da aka kwashe mako biyu ana haɗawa an ɗage shi sau uku saboda wani labari ya ɓarke minti goma kafin a shiga ɗakin watsa shirye-shirye. Ba ƙiyayya ce ga ilimi ba. Labari yana da ranar mutuwa, shirin tarihi ba shi da ita, shi ya sa kullum shi ake ce wa ya jira, har jiran ya zama ɗabi'a.

Mai_Gajeren_Zango

Na gode da wannan bayani, Malam, amma jimlarka ta ƙarshe ai ita ce ƙarata. Idan kullum shi ake ce wa ya jira, to an riga an yanke hukunci a kansa ba tare da an zauna an yanke ba.

Injiniya_Mita_19

Ina so in ƙara wani abu da masu muhawara kan jadawali suke yawan mantawa, wato ba edita kaɗai ke zaɓar lokaci ba, sararin samaniya ma yana da ta cewa. Muryar gajeren zango ba kai tsaye take zuwa ba, tana tashi ne ta bugi wani sashe na sama wanda hasken rana ke canza yanayinsa, sannan ta dawo ƙasa a nesa mai yawa. Da rana mita 16 da 19 ne suke tafiya da kyau, da dare kuma sai a koma mita 31, 41 ko 49. Wannan ne ya sa shirin rana da na dare ba sa zuwa a wuri ɗaya a fuskar rediyo, kuma shi ya sa ake sauya mitoci sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, bayan gidajen rediyon duniya sun zauna sun raba su don kada wani ya hau kan wani.

Sannan akwai batun na'urorin kansu. Tashar da BBC ta daɗe tana amfani da ita wajen isar da murya Afirka ta Yamma tana tsibirin Ascension ne, a tsakiyar tekun Atlantika, an buɗe ta a 1966, kuma na'urorinta masu ƙarfin kilowat 250 ne. Kowace sa'a da aka kunna ɗaya daga cikinsu wuta ce mai yawa ake ƙonawa, kuma adadinsu ƙidayayye ne, harsuna da yawa suna layi a kansu. Saboda haka idan sashen Hausa ya ce yana son ƙarin rabin sa'a da safe, tambayar da za a fara yi ita ce wane harshe za a sauke. DW ta fi kowa sanin nauyin wannan kaya, domin ta riƙe tasharta ta Kigali tun 1965, har ta rufe ta a 2015.

Baƙon_Landan

Ƙaramin gyara ga masu cewa agogon Landan ake bi wajen tsara shirye-shirye, domin na sha jin haka. Agogon GMT ake bi, kuma ba kullum ne ya yi daidai da na Landan ba. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya tana ƙara sa'a ɗaya a agogonta, Najeriya da Nijar kuwa ba sa sauyawa, suna gaban GMT da sa'a ɗaya duk shekara. Shirin safe na ƙarfe 5:30 agogon GMT yana zuwa wa mai sauraro a 6:30 ko da rani ko da damina. Ma'aikacin da ke Landan ne lokacin tashinsa yake sauyawa. A wannan fannin dai mai sauraro aka bi.

Ɗan_Zamani_04

Da girmamawa ga iyayenmu da ke cikin wannan magana, ina ganin ana kukan abin da bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya. Shirye-shiryen da ake cewa an kore su daga jadawali suna nan a intanet, wasu ma sun fi tsawo fiye da yadda rabin sa'ar rediyo za ta iya ɗauka. Hirar da a da za a yanke ta zuwa minti huɗu yanzu ana sa ta cikakkiya a YouTube, mutum ya kalla lokacin da ya ga dama, ya koma baya idan wani abu ya wuce shi. Gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, adabi ce tsantsa, kuma ta fito da marubutan da ba a san su ba. Ni da tsararrakina ba mu san ƙarfe nawa ake kowane shiri ba, kuma ba mu rasa komai ba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Gidan da ya zuba kuɗinsa a gajeren zango ya bar waya, nan da shekara 20 zai wayi gari yana magana babu mai amsa masa.

Malamar_Aji

Ɗana Ɗan_Zamani_04, maganarka gaskiya ce ga wanda yake da waya mai kyau, da kuɗin data, da wutar caji, da kuma iya karatu don ya nemo abin da yake so. Ka cire ɗaya daga cikin huɗun nan ka ga ko saura nawa za su rage a cikin tsararrakin naka. Sannan akwai bambancin da ba a cika faɗa ba: a intanet mutum yana samun abin da ya nema ne, a rediyo kuwa abin da bai san yana buƙata ba ne yake zuwa ya same shi. Wanda ya kunna don ya ji sakamakon ƙwallo, sai ya ji bayani kan rigakafin ƙyanda kafin a kai ga wasanni, ba don ya zaɓa ba. Wannan shi ne amfanin jadawali, kuma shi ne ikon da ke hannun mai tsara shi.

Na yi amfani da wasannin kwaikwayo na Ji Ka Ƙaru na DW a aji, kuma na ga yadda yara suke kama darasi idan ya zo a bakin 'yan wasa fiye da yadda suke kama shi daga allo. BBC ma ta nuna cewa ta san wannan, domin a 2023 ta fara shirin Dars don yaran Afghanistan, musamman 'yan matan da aka hana zuwa makarantar sakandare, da harsunan Dari da Pashto. Abin da nake tambaya shi ne me ya sa sai an rufe makarantun ƙasa baki ɗaya kafin a tuna cewa rediyo makaranta ce.

Mai_Lissafi

Duk wannan muhawara ba za ta fito fili ba sai an kalli inda kuɗin suke fitowa. Har zuwa watan Afrilun 2014 ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ce take biyan kuɗin sashen BBC na duniya. Daga nan aka mayar da nauyin kan kuɗin lasisin talabijin da magidanta a Birtaniya suke biya, wato mutumin da ke Manchester ne yake biyan kuɗin shirin da ake ji a Afirka da Asiya, kuma shi ba ya saurarensa. A 2015 gwamnati ta dawo ta ba da fam miliyan 289 don faɗaɗawa, da su aka buɗe sashen Pidgin a 2017, da na Yarabanci da Igbo a 2018, da wasu harsuna na Habasha da Indiya da Koriya. A 2022 kuma aka tsayar da kuɗin lasisin a fam 159 na tsawon shekara biyu a daidai lokacin da farashin komai yake hawa, kuma a watan Satumbar shekarar aka sanar da rage guraben aiki 382 a sashen duniya, tare da dakatar da rediyo a harsuna goma, ciki har da Larabci, Farisanci, Hindi, Bengali, Urdu da Sinanci. A Janairun 2025 aka sake sanar da rage wasu 130.

Akwai wani abu a cikin ƙa'idar da ya kamata a lura da shi. BBC ba ta da ikon rufe sashen harshe gaba ɗaya sai da amincewar sakataren harkokin waje, amma tana iya kashe rediyon harshen ta bar shafinsa na intanet, a takarda kuma a ce ba a rufe komai ba. Saboda haka idan aka matsa mata, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta yanke abin da ya fi tsada kuma ba ya buƙatar izinin kowa, wato sa'o'in watsawa. Rediyon Hausa ya tsira a wancan yankan, kuma a ganina dalilin shi ne yawan masu sauraronsa ya sa ba za a iya kare rufe shi ba.

Dattijon_Tasha

Allah ya saka wa Mai_Lissafi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban ce ana kiran edita a waya ana gaya masa abin da zai karanta ba, ban kuma yarda da masu faɗin haka ba. Amma zaɓen harsunan da za a yi magana da su, da yawan mintocin da za a ba kowanne, bai taɓa rabuwa da bukatun ƙasar da ke biya ba. An buɗe sashen Larabci a Janairun 1938 ne saboda Italiya tana watsa farfaganda da Larabci daga birninta na Bari. An buɗe na Hausa ranar 13 ga Maris, 1957, da shirin minti 15 a bakin Aminu Abdullahi Malumfashi, shekara uku kafin 'yancin kan Najeriya, lokacin da Birtaniya take shirin tafiya tana kuma son muryarta ta zauna. DW ta zo da nata a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Kowannensu ya amfane mu, amma babu wanda ya zo don kyan fuskarmu kawai.

Ɗan_Zamani_04

Malama, na karɓi gyara a kan batun data da wuta. Amma ina nan a kan bakana cewa kuɗin da ake da su ba za su isa a yi duka biyun yadda ya kamata ba, kuma dole a zaɓa.

Masoyin_Firimiya

Tunda an taɓo wasanni, bari in kare su kafin wani ya ce ɓata lokaci ne. Sharhin wasannin Firimiya da Hausa a ranakun Asabar ya jawo wa rediyo matasan da ba za su taɓa kunna shi don labaran majalisa ba. Wanda ya saba da tashar saboda ƙwallo, ranar da wani babban abu ya faru ya san inda zai murɗa. Idan ana lissafin abin da ke da amfani ga jama'a, a sa wannan a ciki.

Mai_Sauraro_Nijar

Ina so in mayar da mu kan maganar Injiniya, domin mu a Nijar mun ga abin da ke faruwa idan aka dogara ga tashoshin FM na cikin gida. Shekaru da yawa mutane sun saba jin gidajen waje tar a FM ta hanyar tashoshin ƙawance, har wasu suka daina sayen rediyo mai gajeren zango. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta aka dakatar da RFI da France 24, a Disambar 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku. Mali ta riga ta rufe RFI tun Maris na 2022, Burkina Faso ma ta dakatar da BBC da Muryar Amurka na mako biyu a Afrilun 2024. Ba ina shiga batun wa ke da gaskiya ba ne. Abin da nake nunawa shi ne na'urar FM tana cikin ƙasar da ke iya kashe ta da takarda ɗaya, intanet ma ana iya toshe shi, amma muryar da ta taso daga tsakiyar teku sai dai a yi mata kutse da wata na'urar mai tsada.

Kuma su kansu gidajen sun san haka. A watan Maris na 2022, da yaƙi ya ɓarke a Ukraine, BBC ta dawo da gajeren zango na sa'a huɗu a rana zuwa yankin. A watan Mayun 2023, 'yan watanni kacal bayan rufe rediyon Larabci, sai ga shi an buɗe shirin gaggawa na Larabci don Sudan, a Nuwamba kuma aka buɗe wani don Gaza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sauraron da ka sallama a watan Janairu, ta yaya zai san mitar da ka dawo a kai a watan Mayu?

Injiniya_Mita_19

Ƙarin bayani kaɗan: shirin Gaza a matsakaicin zango aka watsa shi, na Sudan ne aka sa a gajeren zango. Amma hujjar ɗan'uwanmu tana nan daram. Shugaban BBC na lokacin, Tim Davie, da kansa ya bayyana a 2024 cewa wata kafar gwamnatin Rasha ta karɓe mitar FM da rediyon Larabci ya bari a Lebanon. Mita ba ta zama fanko.

Tsohon_Furodusa

Zan dawo kan tambayar farko, wato wa mai tsara jadawali yake tunani, domin ina ganin amsar tana cikin yadda ake ƙirga masu sauraro. Wanda ya buɗe shafi ko ya kalli bidiyo, na'ura tana ƙirga shi nan take, edita yana ganin adadin a allonsa kafin ya tashi daga aiki. Wanda ya saurari rediyo a ƙauye kuwa, sai an tura masu bincike gida gida, a tambayi wasu dubbai a ƙiyasta saura, kuma wannan aiki ne mai tsada da ba a yi a kowace ƙasa kowace shekara, balle a wuraren da rashin tsaro ya hana shiga, waɗanda su ne suka fi dogara ga rediyon. Sakamakon haka mutum ɗaya yana bayyana a rahoto kullum, ɗayan kuma sai bayan shekaru. Idan aka zo taron rabon kuɗi, wanda ke da adadi a hannu shi ke cin muhawara, ko da jama'ar ɗayan sun fi yawa.

Na taɓa zama a irin wannan taro a gidan da na yi aiki, inda aka yanke shawarar rage wani shirin manoma daga mako mako zuwa sau biyu a wata, hujjar kuma ita ce ba ya samun tsokaci a Facebook. Na ce ai waɗanda aka yi shirin dominsu ba sa Facebook, aka ce in kawo shaidar cewa suna saurare. Ban da wasiƙu 'yan kaɗan ba ni da abin nunawa, kuma haka aka rage shi. Har yau ban san ko ni ne mai gaskiya ba, domin ni ma zato nake yi, sai dai na san ma'aunin da aka auna da shi ba zai taɓa iya ganin manomin ba.

Ga Dattijon_Tasha kuma, Baba, na yarda da kai a kan zaɓen harsuna, amma in ƙara cewa gasa tsakanin gidajen ma tana tsara jadawali fiye da yadda ake zato. A shekarun baya mai sauraron Hausa yana iya farawa da Muryar Amurka a 5:00 agogon GMT, ya koma BBC a 5:30, ya ji RFI a 6:00, a 6:30 kuma ya zaɓa tsakanin shirin hantsi na BBC da shirin safe na DW. Kowa yana son safiya da farkon dare domin a nan jama'a suke, kuma da yake kowa yana tsoron kada a riga shi, kowa sai ya buɗe da labarai iri ɗaya. Da gidaje huɗun za su raba aiki, wani ya ɗauki lafiya wani ya ɗauki noma, da mai sauraro ya fi amfana, amma ba a kafa su don su taimaki juna ba.

Hajiya_Kunne

Malam Furodusa, jerin da ka kawo ya tuna mini da watan Maris na 2025, lokacin da umarnin shugaban Amurka ya sa aka tura ma'aikatan Muryar Amurka hutun dole, shirye-shiryen Hausa suka tsaya ba tare da sallama ba. Muna ta gardama a kan ko labarai ko ilimi, ashe jadawalin gaba ɗaya yana iya ɓacewa a dare ɗaya. Wannan ya sa na ɗan sassauta a kan maimaicin labarai, domin da babu gara ba daɗi, ko da yake har yanzu ina ganin ba a ba shirye-shiryen mata lokacin da matan suke da sukunin zama su saurara.

Baƙon_Landan

Hajiya, wane lokaci ne wannan a ganinki? Ina tambaya ne da gaske, domin kowane rukuni na masu sauraro yana cewa a ba shi safiya ko farkon dare, kuma rabin sa'a ɗaya ce.

Hajiya_Kunne

Tsakanin hantsi da azahar, bayan yara sun tafi makaranta kuma kafin aikin rana ya taso. A wannan lokacin yawancin gidajen waje shiru suke yi da Hausa, ba mai gasa da kowa. Ban san abin da sa'ar za ta ci na kuɗi ba, Injiniya ne zai faɗa, amma fili ne da ba kowa a cikinsa.

Injiniya_Mita_19

Hajiya, ta fuskar na'ura abu ne mai yiwuwa, a mita 16 ko 13, domin rana ta yi sama a lokacin. Kuɗin wutar daidai yake da na kowace sa'a. Abin da zai yi wuya shi ne ma'aikata, domin masu aikin safe sun tashi, masu shirin rana kuma suna tsakiyar haɗa nasu, sai an ɗauki ƙarin mutane ko a naɗi shirin tun jiya. Shirin da aka naɗa kuwa ba ya buƙatar kowa a ɗakin watsawa, kuma irin shirye-shiryen da kike magana a kai ba sa lalacewa don sun kwana.

Mai_Gajeren_Zango

Na karanta duka, kuma na ƙaru, musamman da bayanin Mai_Lissafi a kan bambancin rufe harshe da kashe rediyonsa, wanda ban taɓa sani ba. Na janye zargin cewa masu tsara jadawali ba su damu ba. Amma ban janye asalin maganata ba, domin daga abin da Tsohon_Furodusa ya faɗa sau biyu, labari yana cin nasara ne saboda yana gaggawa, waya kuma tana cin nasara saboda ana iya ƙirga ta, kuma babu ɗaya daga cikin dalilan nan biyu da ya ce ita ce ta fi amfani ga mai sauraro. Abin da nake so a yi shi ne a ware wasu mintoci a kowace rana a rubuta cewa ba a taɓa su sai an yi yaƙi, kamar yadda ba a taɓa labaran duniya. Malam Furodusa, a gidan da ka yi aiki akwai shirin da ke da irin wannan kariya, ko kuwa duk abin da ba labari ba ne yana iya tashi?

Tsohon_Furodusa

Akwai guda ɗaya, ranka ya daɗe, shirin da masu sauraro suke bugo waya kai tsaye. Ba a taɓa ɗage shi ba ko sau ɗaya a zamanina, kuma ba don an rubuta wata ƙa'ida ba ne, sai don kowa ya san cewa idan aka ɗage shi wayoyin ofis ba za su huta ba har dare.